Kafin Ka Biya, Ka Zauna a Kujerar Baya

Ɗana, labari ya iso mini cewa ka tara abin da Allah ya hore, zuciyarka kuma ta rabu biyu: ko Corolla, ko ƙaramar jif irin RAV4. Allah ya sanya alheri. Abokanka za su cika ka da shawara a kan inji da giya da shan mai, kuma sun fi ni sanin waɗannan. Ni maganata a kan wurin zama take, domin shi ake mantawa ranar ciniki, alhali da shi jiki zai yi ta fama shekara da shekaru.

Yawancin masu saye idan sun je wurin dillalai, kujerar direba kaɗai suke shiga. A riƙe sitiyari, a taka totur, a saurari inji, sai a fara ciniki. To amma motar magidanci ba tasa ba ce shi kaɗai. Hajiya za ta shiga ranar asibiti, maiɗakinka za ta shiga da jariri, ƙannenka za su shiga idan an tashi ɗaurin aure ko ta'aziyya. Yawancinsu a baya za su zauna, kuma kunya ba za ta bar su su ce maka sun takura ba.

Ido yana ruɗin mutum. Jif ta fi tsayi, sai a ɗauka ta fi fili ta kowane gefe, ba kuwa kullum ba ne haka. Ɗauki Corolla ƙirar 2014 zuwa 2019, wadda ta cika titunanmu: tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya mita 2.7 ce. A RAV4 ƙirar 2013 zuwa 2018 tazarar mita 2.66 ce. Daga wannan tazara fasinjan baya yake samun inda zai miƙe ƙafa. A ma'aunin da Toyota ta fitar na motocin kasuwar Amurka, inda tokumbo da yawa suke fitowa, filin ƙafa a bayan wannan Corolla inci 41.4 ne, na RAV4 kuwa 37.2. Ka ga ƙaramar ta fi babbar. Amma kada ka riƙe wannan a matsayin doka, domin Corolla ƙirar 2020 ta dawo inci 34.8. Suna ɗaya, zama daban. Ka tambayi shekarar ƙira kafin ka yarda da yabon kowa.

Inda jif ta yi zarra shi ne sama. Rufinta ya fi nisa da kai, kujerarta kuma ta fi tashi daga daɓen motar, sai mutum ya zauna cinyarsa a shimfiɗe, gwiwarsa ba ta taso masa ba. A ƙaramar mota kujerar tana ƙasa, rufin kuma yana gangarowa ta baya. Dogon mutum mai hula, ko mace da ɗaurin ɗankwalin biki, sai ka ga sun karkace wuya tun daga gida har wurin taro. Idan motar mai rufin gilashi ce, filin kai ya ƙara raguwa.

Shiga da fita kuwa, ɗana, nan nake so ka daɗe kana tunani. Kai yanzu ba ka san ciwon gwiwa ba. Tsoho idan ya zauna a kujerar da ta yi ƙasa, zaman ba wuya, tashin ne aiki: sai ya dafa ƙofa, ya yunƙura, wani lokaci sai an miƙa masa hannu, kuma ba kowane dattijo ne ke son a gan shi ana ɗaga shi a bainar jama'a ba. Kujerar ƙaramar jif tana kusa da ƙugun mai matsakaicin tsayi, sai ya juya ya zauna, ya shigar da ƙafafunsa. Sai dai gajeriyar tsohuwa mai ɗaure da zani, ita ɗaga ƙafa zuwa dokin ƙofar jif ne zai ba ta wahala. Babu alƙaluman da za su raba maka wannan gardama. Ka kai Hajiya ta gwada duka biyun, ka lura da fuskarta fiye da bakinta, domin za ta ce maka kowacce ma ta yi.

Bambancin faɗi bai taka kara ya karya ba: wannan RAV4 ta fi Corolla da kimanin santimita 7. Dukkansu na mutum biyar ne, na tsakiya kuma shi ne mai haƙuri. Ina roƙonka kada ka ɗauki al'adar tasha ta cusa huɗu a baya. Bel uku ne a wurin, na huɗun ba shi da abin da zai riƙe shi idan aka taka birki ba shiri.

Sai hanya. Mu da muka yi zamanin Fijo 504, wadda ake harhaɗawa a Kaduna a wancan lokacin, mun san jin daɗin tafiya daga taushin kujera da ƙafar mota yake, ba daga tsayinta ba. A kan kwalta mai kyau ƙaramar mota ta fi natsuwa, saboda nauyinta yana kusa da ƙasa. Jif tana ɗan tangaɗi a kwana, yaran da ke baya su fara jiri, kuma duk motar da ta fi tsayi ta fi saurin kifewa idan aka fizgi sitiyari da gudu. Amma idan unguwarku hanyar burji ce da damina ke zaizayewa, ko kana yawan zuwa ƙauye, tayar jif mai kaurin roba tana shanye gargada, kuma kana hango rami tun daga nesa. Ka guji manyan rim masu siririyar taya da samari ke so, duk ramin da aka faɗa a gadon bayan fasinja yake sauka.

Kaya ma suna shiga lissafin zama. But ɗin jif ya fi ɗauka nesa ba kusa ba, kuma jakar da but bai ɗauka ba a kan cinyar wani take ƙarewa. Idan tafiyar Sallah da iyali ce ta fi yawa a rayuwarka, wannan babban dalili ne. Idan kuwa zirga-zirgar ofis da makarantar yara ce, ka tuna tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, motar da ta fi nauyi ta fi cin aljihu. Wanda tsadar mai ta sa ya kashe na'urar sanyi a zafin Afrilu, faɗin kujera ba zai yi masa maganin gumi ba.

Ranar da za ka duba mota, ka fara gyara kujerar direba daidai da tsayinka, sa'an nan ka zagaya ka zauna a bayanta, da hularka a kai. Ka danna soson kujera ka ji ko ya mutu, domin tokumbo ta sha zama kafin ta iso gare ka. Ka ba makanikenka tuƙi, ya bi da ku ta hanya mai ramuka da kwana, kai kana baya, na'urar sanyi a kunne, ka ji ko iskar tana isowa. Idan motar ta ci gaba da lilo bayan an wuce rami, shakazoba ta gaji, sai a cire kuɗin sauya ta daga farashi. Dillalin da ya ƙi yarda da wannan gwaji, ka yi masa sallama cikin mutunci ka nufi na gaba.