Katsewar Zance Tsakanin Uwayen Garke a Kafar Sada Zumunta Mara Cibiya Ɗaya: Darasi Daga Dutsin-Ma da Kurfi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2021 mazauna Dutsin-Ma da Kurfi sun fuskanci toshewar sadarwa iri biyu. A watan Yuni Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, ba a ɗage dokar ba sai a Janairun 2022. A watan Satumba kuma, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, har da waɗannan biyun, aka yi kusan wata uku a haka. Kafar da ba ta da cibiya ɗaya, irin Mastodon da Eugen Rochko ya ƙirƙiro a 2016, tana iya kauce wa toshewa irin ta farko, domin babu ƙofa ɗaya da za a garƙame. Wannan maƙala ta dubi abin da toshewa irin ta biyu ke yi mata, da yadda ake gano inda zance ya tsinke.

2.0 Yadda Saƙo Ke Tafiya

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke riƙe da asusun jama'a da rubuce-rubucensu. A Mastodon uwayen garke dubbai ne, kowace da mai kula da ita, suna zantawa ta ƙa'idar ActivityPub wadda ƙungiyar W3C ta amince da ita a Janairun 2018. Idan mutum ya yi rubutu, uwar garkensa ce ke aika kwafi zuwa akwatin duk uwar garken da yake da mabiya a cikinta, tare da sa hannu na sirri da ke tabbatar da asalin saƙon. Wato tura saƙo ake yi, ba zuwa ɗauka ba. A nan raunin tsarin yake.

3.0 Bin Sawun Matsala

A ƙaddara cewa wasu ɗaliban Jami'ar Tarayya Dutsin-Ma sun buɗe dandalin adabin Hausa a wannan tsari kafin a rufe layukan. Tambayar farko ita ce: ina uwar garken take zaune? Idan hayarta aka yi a Jamus, lafiyarta lau. Mutanen ne suka yanke, kuma wanda ya fita zuwa garin da ke da layi zai tarar da saƙonninsa a ajiye. Idan kuwa a Dutsin-Ma take, tana dogaro da turakun waya, to ita kanta ce ta ɓace wa takwarorinta.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi ruɗa masu kula da dandali. Uwar garken da ta aiko saƙo bai isa ba takan sa shi cikin layin jira, ta yi ta gwadawa, tana ƙara tazara tsakanin gwaji da gwaji, har ta haƙura. Idan aka yi kwana 7 aike na faɗuwa, Mastodon kan sa wa waccan uwar garke alamar ba ta samuwa, ya daina aika mata komai. Saboda haka ko layi ya dawo, shiru zai ci gaba. Maganin ba wuya: mai dawowa shi ke yin sallama. Da zarar uwar garken Dutsin-Ma ta aika saƙo mai ingantaccen sa hannu, sai a cire mata alamar.

Amma sallamar na iya cin karo da abu biyu. Takardar shaidar tsaro ta Let's Encrypt, wadda ƙananan dandali suka fi amfani da ita domin kyauta ce, kwana 90 take yi, kuma ba ta sabuntuwa sai da intanet. Rufewar wata uku kusan tabbas ta cinye wa'adinta, takwarori kuma ba sa kai saƙo inda shaida ta mutu. Na biyu shi ne agogo. Sa hannun na ɗauke da lokaci, kwamfutar da ta sha ɗaukewar wuta kuwa agogonta na iya kaucewa, sai a mayar da saƙonta da lamba 401, alamar ba a amince da sa hannun ba. Sau da yawa akan yi gaggawar zargin cewa wani ya toshe dandalin da gangan, alhali gyara agogo ya wadatar. Sai an kawar da waɗannan ne ya dace a tuntuɓi mai kula da ɗaya ɓangaren a kan batun toshewa.

4.0 Abin da Ya Shafi Manazarcin Hausa

Saƙonnin da aka haƙura da aikawa ba sa dawowa da kansu. Suna nan a uwayen garkensu na asali, sai dai a nemo su ɗaya bayan ɗaya ta adireshinsu. Mai tattara waƙoƙi ko muhawarar matasa daga irin wannan dandali zai ga giɓin watanni, kuma kuskure ne ya fassara shi da cewa an daina magana. Ya kamata ya rubuta sunan uwar garken da ya ɗebo bayanai da ranar ɗiba, kamar yadda mai nazarin adabin baka ke rubuta garin da ya ɗauki waƙa, sannan ya gwada abin da ya samu da na wata uwar garke da layinta bai taɓa yankewa ba.