Abincin Baƙo a Ƙasar Kadawa: Darasi ga Hakimai da Malamansu

Baƙon da ya taso daga Kano ya bi hanyar Zariya, da ya wuce Kura zai ga ƙasa kore shar ko da tsakiyar rani ne. Yawancin masu zuwa ganin wannan aiki, ko ma'aikatan gona ne, ko 'yan makaranta, ko fatake, a hannun hakimi ko dagaci su kan sauka. Abin da aka ajiye a gabansu cikin akushi shi ne labarin da za su kai gida. Don haka ya kamata mai saukar baƙi ya san abin da ƙasarsa ke bayarwa, da lokacin da ta ke bayar da shi.

A nan abinci ruwa ya ke bi. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma daga 1976 Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi kula da ita. Daga can ruwa ke gangarowa ta babbar magudana, ba tare da inji ya tura shi ba, ya rarrabu cikin gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, inda Kadawa ta ke. Kafin wannan, noman rani sai a bakin fadama da jigo, alkama kuwa abincin sarakuna ne da attajirai. Yanzu talaka na shuka ta a gonarsa.

To, alkamar nan a kan shuka ta wajen Nuwamba, gama sanyin hunturu ta ke so, a girbe ta wajen Maris. Baƙon da ya zo bayan girbi, a ba shi funkaso da miyar taushe, ko taliyar hannu da mai da yaji. In ana son a girmama shi ƙwarai, a kawo gurasa. Ita gurasa Larabawan da suka zauna a birnin Kano ne suka kawo ta, a kan gasa ta a jikin tanderu. In aka yayyafa mata ruwa ta yi laushi, aka barbaɗa garin ƙuliƙuli da man gyaɗa da albasa, ita ce bandashe. Mai wannan rubutu yana ganin babu abin da ya fi ta dacewa da baƙon da ya sha tafiya bai karya kumallo ba.

Shinkafa kuwa ita ce sunan Kura a yau. Mata ne ke turara shanshera su shanya ta, sa'an nan a kai inji a ɓare. Amma a lura: shinkafar da aka turara ta dafa-duka ce da garau-garau, watau shinkafa da wake. Tuwo da waina sai da farar da ba a turara ba. Malamin da aka aika kasuwa ya rikita waɗannan biyu, tuwon ba zai kama ba, kunyar kuma ta maigida ce.

Tumatir yana yin yawa daga Janairu zuwa Maris, har kwanduna su cika kasuwar Kwanar Gafan, manyan motoci suna lodi zuwa Ikko da sauran garuruwan Kudu. A wannan lokaci miyar ɗanyen tumatir da tattasai ba ta da tsada, kada a yi wa baƙo rowarta. Da damina kuwa sai a koma ga kauɗa, watau wanda aka yanka aka shanya. A wanke ta sosai domin ƙura da yashi. Ba kowace shekara ce ke zuwa daidai ba. A 2016 wata tsutsa da a ke kira Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a ƙasar Kano, har ya gagari masu saye. Irin wannan shekara, miyar kuka da ta kuɓewa busasshiya ba abin kunya ba ne.

Wanda ya ce yana son kifi, akwai tarwaɗa da karfasa daga tafkin Tiga. A saya da safe, a duba ƙarƙashin kunnensa ya zama ja.

Akwai abu biyu da hakimi zai tsaya a kansu da kansa. Na farko, manoma suna fesa maganin ƙwari a kayan lambu, saboda haka latas da tumatir da duk abin da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta, ba a bakin magudana ba. Na biyu shi ne ruwan magudanar kansa. Yana da kyawun gani, amma a cikinsa akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata, daga baya mutum ya yi fitsarin jini. Kada a bar baƙo, balle yaran makaranta, su yi wanka ko alwala a ciki. Ruwan sha da na dama fura a ɗebo daga burtsatse, ko a tafasa shi.

Malamin hakimi ya tambayi baƙo tun da wuri ko yana iya cin yaji, ko likita ya hana shi gishiri ko zaƙi, ya shaida wa cikin gida kafin a ɗora tukunya. Ranar sallama kuwa, alkaki ya fi dacewa da guzuri, domin ya kan yi kwanaki bai lalace ba. A haɗa masa da 'yar shinkafa, da kwandon tumatir in lokacinsa ne, a zaɓi wanda bai gama nuna ba don ya jure hanya.