Lissafin Makaranta da Lissafin Jari: Shawarwari ga Iyaye a Karmo

Yaro zai dawo gida da aikin aljabra, uwa ta ce ita ba ta yi boko ba. Alhali ita ce ranar Talata take kasa gwanjo a kasuwar Karmo, ta ware uwar kuɗi da riba da ka. Abin da ke cikin littafin yaron shi ne abin da take yi, sai dai an sa masa haruffa.

1. Kafin yaro ya rubuta x, ya faɗi da baki abin da ake nema: kuɗin dila ne, ko riba, ko yawan watanni? Yawancin kuskure daga nan yake farawa.

2. Ku ba shi tambaya daga sana'ar gidan. Misali, Inna ta sayar da dila gaba ɗaya a kan N240,000, ribarta kuma kashi 20 cikin ɗari na jarin da ta zuba. Nawa ta sayo dilar? Yara da yawa, har da manya, za su cire kashi 20 daga 240,000 su ce 192,000. Ba haka ba ne, domin a kan jari ake auna riba, ba a kan ciniki ba. Jarin shi ne x, ribar x/5, idan an haɗa su 240,000. Ke nan 6x/5 = 240,000, jarin N200,000, ribar N40,000. Ku daɗe a kan wannan, a ganina ya fi shafi goma na hadda amfani.

3. Alamar daidai kamar sikelin mai nama take: abin da aka cire a wannan ɓangare, a cire shi a wancan.

4. Kada a rufe littafi sai an mayar da amsa cikin tambaya. Baba ya raba N100,000 tsakanin sana'a biyu, ɗaya na kawo kashi 10, ɗaya kashi 20, a ƙarshen shekara ribar duka N16,000. Idan yaro ya samo 40,000 da 60,000, ya gwada: 4,000 da 12,000 sun ba da 16,000. A jarrabawar WAEC ko NECO ba mai gaya masa ya yi daidai, shi zai tabbatar wa kansa.

5. Wannan ta iyaye ce. Duk wanda ya zo da alkawarin ninka kuɗi, ku miƙa wa yaro lambobin ya lissafa. Misali, tsarin zuba jari na MMM ya yi alkawarin kashi 30 kowane wata. In ana mayar da ribar cikin jari, N10,000 za ta haura N230,000 a shekara guda, ta wuce naira miliyan biyar a shekara ta biyu. Wace sana'a ce ke haihuwa haka? A Disambar 2016 MMM ta rufe asusun mutane, wata makamanciyarta, CBEX, ma ta rushe a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a. Ku bincika ko kamfani yana da rajista da hukumar SEC kafin ku saki ko kwabo.

6. Ku auna riba da tsadar kaya. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a ƙididdigar hukumar NBS. Wanda N100,000 ɗinsa ta zama N120,000 a waccan shekarar ya ga ƙari a hannu, amma kayan da ya saba saye a N100,000 sun koma wajen N134,800.

7. Ga mai gudun kuɗin ruwa, akwai Sukuk na gwamnatin tarayya, wanda ofishin DMO ya fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi, a wancan karon an biya kuɗin haya kashi 16.47 a shekara. Ku sa yaro ya lissafa abin da N50,000 za ta kawo a wata shida a wannan farashin, sannan ya kwatanta da ribar dila ɗaya bayan an cire kuɗin mota da na rumfa.