Darasin Masunta: Idan Injin Jirgi Ya Ƙi Tashi

Jama'a masu sana'ar su, darasinmu na wannan wata a kan injin da ake ɗaurawa a bayan jirgin ruwa ne. Daga Yauri a tafkin Kainji har Baga a tafkin Chadi, mai inji yakan yi nisa da gaɓa fiye da mai filafili. Idan inji ya mutu a can, babu makaniki kusa. Kifi zai iya ruɓewa, dare kuma ya yi maka a kan ruwa. Saboda haka ka san abin da za ka duba da hannunka.

Kafin ka kwance komai, duba abubuwa biyu. Giya tana firi? In ba ta firi, igiya ba za ta jawu ba a yawancin injina. Sannan ƙaramin maƙalin nan mai zare, wanda direba yake ɗaurawa a hannu, yana wurinsa? In ya fita, wuta ba za ta zo ba ko ka yini kana ja.

Daga nan sai mai, domin yawancin matsala daga nan take. A murfin tanki akwai ƙaramin noti na shan iska. Ka sassauta shi. In yana rufe, inji zai tashi, ya yi tafiya kaɗan, ya mutu. A jikin tiyon mai akwai roba mai kama da ƙwai. Ka matsa ta har ta yi tauri. Kibiyar da ke jikinta inji za ta nuna, ba tanki ba. In ta ƙi yin tauri, tiyo ya tsage yana shan iska, ko bakinsa bai shiga daidai ba.

Ruwa a cikin fetur babban abokin gaban inji ne. Ka zuba fetur kaɗan a farar kwalba ka ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. In ka gani, juye tankin, ka wanke matatar mai, ka kwance notin ƙasan kafireta ruwan ya fita. Mai sayen fetur a jarka ya riƙa tace shi da kyalle mai tsabta.

Injinan Yamaha masu ƙarfin doki 15, 25 ko 40 da aka fi gani a ruwanmu, fetur da man inji ake haɗa musu a tanki ɗaya. Awon da aka saba shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na man inji. Wato lita 25 ta fetur, rabin lita na man inji. Sabon inji yana son fiye da haka a kwanakin farko, sai ka bi littafinsa. In man inji ya yi yawa, hayaƙi zai yi yawa, fulogi ya yi baƙi. In ya yi kaɗan, inji zai ƙone daga ciki. Mai rage man inji don tsimi, kuɗin fistin zai biya.

In mai yana zuwa amma inji shiru, kwance fulogi. In ya jiƙe da fetur, inji ya sha mai da yawa. Ka mayar da cok, ka ja igiya sau da yawa ba fulogi, ka busar da shi ka mayar. Kada ka yi wannan kusa da buɗaɗɗen tanki ko mai shan taba. Fulogi mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake. Ka riƙa tafiya da sababbi guda 2 da sifanarsu a cikin leda.

To, inji ya tashi. Duba bayansa, akwai siririn ruwa da yake fitowa kamar fitsari. Shi ne shaidar cewa ruwa yana sanyaya inji. In ya tsaya, kashe inji nan take. Ɗaga shi ka cire leda, ciyawa ko laka daga ƙofofin shan ruwa na ƙasa. Ka tsokane ramin fitar ruwan da siririyar waya. In har yanzu babu, robar famfon ruwa ta cinye, wannan aikin makaniki ne. Yashi ne ya fi cinye ta, da tayar da inji a tudu ba ruwa.

Wani lokaci inji yana ƙara sosai amma jirgi ba ya tafiya. Wannan farfela ce. A Kainji akwai kututturen itatuwa a ƙarƙashin ruwa tun da aka gama dam a 1968. In farfela ta daki ɗaya, ƙusar da ke riƙe ta za ta karye, ko robar cikinta ta sake. Zaren taru ma yakan naɗe a bayan farfela, ya yanke robar da ke tare man giya. Ka kashe inji kafin ka kai hannu wurin. In ka ga man giya ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, a canza roba da mai.

In inji ya faɗa ruwa, kada ka ja igiya da fulogi a ciki. Cire fulogi, juye ruwan, zuba man inji a ramukan, ka kai wa makaniki a ranar, kafin tsatsa ta kama shi.