Sabis Cike, Amma Kira Na Tsinkewa

'Yan kasuwa a wuraren cunkoso irin Kantin Kwari a Kano sun san wannan damuwa: sandunan sabis sun cika a fuskar waya, amma murya na tsinkewa, kuɗin da aka tura ya maƙale a hanya. Sau da yawa ba rauni sigina ta yi ba, siginoni ne suka yi yawa suna taka juna.

Turken sadarwa na da yakan ɗauki eriya uku, kowacce na watsa siginarta a faɗin digiri 120, da mai waya a wurin ko babu. Idan turken maƙwabta ma yana aiki a kan mita ɗaya, wayar da ke tsakaninsu sai ta riƙa jin su a cakuɗe. Ƙara ƙarfi ba ya magani, domin ƙarfin wannan turke shi ne hayaniyar da ke damun wancan.

Eriya mai daidaita kanta ta sauya lissafin. Akwati ɗaya ne mai ɗimbin ƙananan eriyoyi, da hanyoyin aikawa 32 ko 64. Tana sauraron siginar da wayarka ke turowa, ta gane ɓangaren da kake, sannan ta tsara fitar sigina daga kowace ƙaramar eriya yadda za su haɗu su ƙarfafa juna a wajenka, su kashe juna a wajen wasu. Bambancin fitilar ƙwai da tocila ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne tana iya toshe kunnenta daga ɓangaren da katsalandan ke fitowa, har ta yi wa wayoyi da dama hidima lokaci guda a mita ɗaya. A kan wannan fasaha 5G ta dogara a mitar gigahaz 3.5, wadda hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjonta a Disambar 2021.

Don Allah kada ka sayi na'urar ƙara sabis ta kasuwa ka ɗaura a rufin shago. Hayaniya take mayar wa turke, ta lalata wa duk layin sabis, kuma NCC ta hana amfani da ita ba da izini ba. In za ka sayi waya ko rauta ta 5G, duba ko tana kama zangon n78, wato na mitar gigahaz 3.5, ka kuma ajiye rautar kusa da taga, saboda wannan mita ba ta ratsa bango sosai.

Idan matsalar ta ci gaba, kai ƙorafi ga kamfaninka, ka faɗi ainihin wurin da lokacin da abin ke faruwa. Da wannan injiniya ke sanin eriyar da zai karkata. In ba su saurare ka ba, kira NCC a 622, kyauta ne.