Aikin Allah Ba Ya Gaggawa

Karatu: Ayuba 38:22-30

Wanda ya sauka a tashar motar Ajame, in ya haye gada zuwa Treichville, zai ga manyan jiragen ruwa. Ta mashigin Vridi suke shigowa Abijan. Mutane ne suka haƙa shi, aka buɗe a 1950, tsawonsa bai kai kilomita 3 ba.

A ƙasar Norwe kuwa, jiragen 'yan yawon buɗe ido sukan shiga mashigin Sognefjord, mai tsawon fiye da kilomita 200, zurfinsa ya wuce mita 1,300. Ba diga, ba shebur. Ƙanƙara ce ta taru bisa duwatsu, tana gangarowa sannu sannu shekaru dubbai, tana cin dutse, har teku ya sami hanya.

Ubangiji ya yi wa Ayuba tambaya a kan ƙanƙara, domin ya gane akwai aikin da ido ba ya gani. Ɗan'uwa, kasuwa ta ƙi, mutanen gida suna jiran aike, har ka ce Allah ya manta da kai? Kada gaggawa ta kai ka ga zamba. Sannu ba ta hana zuwa.

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu haƙuri mu jira lokacinka, cikin sunan Yesu. Amin.