Yadda Likitoci Ke Ba da Magungunan Kashe Ƙwayoyin Cuta a Sashen Kulawa ta Musamman

A kowane babban asibiti akwai wani sashe da ake keɓe wa marasa lafiyar da ciwonsu ya yi tsanani ƙwarai, wato waɗanda numfashinsu ko zuciyarsu ko ƙodarsu suka gaza, sai an tallafa musu da na'ura. Shi ake kira sashen kulawa ta musamman. Asalinsa daga birnin Kofanhegan ne na ƙasar Denmak, inda annobar shan inna ta ɓarke a 1952, har wani likita mai suna Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a riƙa hura wa majinyata iska a huhu ta bututu. A 1953 ya buɗe sashe na musamman domin irin wannan jinya. A wannan darasi za mu duba yadda ake ba da magungunan kashe bakteriya, wato antibayotik, a wannan sashe, da dalilin da ya sa al'amarin ya dami masana.

Yawan maganin da ake bayarwa

Ranar 8 ga Mayu, 2007, wasu masana a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Jean-Louis Vincent na birnin Burasels suka ƙidaya majinyatan da ke kwance a irin waɗannan sassa guda 1,265 a ƙasashe 75. A cikin manya 13,796 da aka ƙidaya, kashi 51 cikin ɗari ne ake ganin suna ɗauke da ƙwayar cuta, amma kashi 71 cikin ɗari suna karɓar antibayotik. Da aka maimaita ƙidayar a 2017 a ƙasashe 88, sai aka sami kusan abu ɗaya: kashi 54 da cuta ko zatonta, kashi 70 kuma suna kan magani. Ke nan a kowane majinyata goma, bakwai ana ba su wannan magani. Wasu ana ba su ne don rigakafi, misali lokacin tiyata, wasu kuwa bisa zato kawai.

Me ya kawo haka?

Dalili na farko shi ne garkuwar jikin majinyacin ta raunana. Na biyu, kayan da ake ceton ransa da su sukan zama ƙofar shigar cuta. Bututun numfashi yana tsallake kariyar hanci da maƙogwaro, sai ƙwayoyin cuta su gangara huhu su haddasa namoniya. Robar fitsari takan kai su mafitsara, robar da aka sa a jijiya kuma takan kai su cikin jini kai tsaye.

Dalili na uku shi ne ƙarancin lokaci. Ɗalibai za su tuna cewa bakteriya tana hayayyafa ne ta hanyar rabewa biyu. Irin su Escherichia coli, idan yanayi ya yi musu daidai, sukan rabu duk bayan minti 20 ko kusa da haka. A bisa wannan lissafi, ƙwaya ɗaya tak za ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Idan cutar ta game jiki har gaɓoɓi suka fara gazawa, abin da likitoci ke kira sefsis, kowace awa tana da tsada. Shi ya sa ƙa'idojin jinyar sefsis da ƙungiyoyin likitoci suka fitar a 2021 suka ce a ba da magani cikin awa ɗaya ga wanda bugun jininsa ya faɗi ƙwarai. Amma ɗakin gwaji yana buƙatar kwana biyu zuwa uku kafin ya rene ƙwayar da ke cikin jini, ya gane ta, ya kuma gwada maganin da ke kashe ta.

To, likita ya shiga halin gaba kura, baya sayaki. In ya jira sakamako, majinyaci na iya rasuwa. In ya ba da magani, bai san wace ƙwaya yake yaƙa ba. Saboda haka yakan zaɓi magani mai faɗin aiki, wanda ke kashe ire-iren bakteriya da yawa a lokaci ɗaya, kamar seftiriyazon ko meropenem, wani lokaci ma ya haɗa biyu.

Farashin wannan gaggawa

Magani mai faɗin aiki ba ya tantance abokin gaba. Yana kashe bakteriya masu amfani da ke zaune a hanji, sai wata mai suna Clostridioides difficile ta sami fili ta jawo gudawa mai tsanani. Sannan kuma a cikin miliyoyin ƙwayoyi akan sami 'yan kaɗan da ke ɗauke da sauyin halitta da ke sa magani ya kasa kashe su. Magani ya share sauran, su kuwa su tsira su hayayyafa. Wannan shi ne zaɓin yanayi da ake koyarwa a darasin halittu, sai dai a nan cikin kwanaki yake faruwa. Bugu da ƙari, bakteriya na iya miƙa wa junansu wannan baiwa ta hanyar wasu ƙananan zobban DNA da ake kira filasmid.

Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kan wannan haɗari tun 1945, lokacin da ya karɓi kyautar Nobel. Yau ga shi ana fama da Klebsiella da Acinetobacter da Pseudomonas waɗanda suka bijire wa har magunguna irin su meropenem. Wannan ya tilasta wa likitoci komawa ga kolistin, tsohon magani da aka jingine a da saboda yana yi wa ƙoda illa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ita ma wannan zumar ta fara gazawa, domin a 2015 aka ba da rahoto daga ƙasar Sin na filasmid mai sa bakteriya bijire wa kolistin. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asarar rayuka.

Mafita: a fara da sauri, a daina da lura

Hana likita gaggawa zai jawo asarar rayuka. Gyaran yana cikin abin da ke biyo bayan allurar farko. Da fari, a ɗebi jini ko majina ko fitsari a aika ɗakin gwaji kafin a sa magani, don kada maganin ya ɓoye ƙwayar. Na biyu, bayan awa 48 zuwa 72 a sake zama a duba sakamako. In an gane ƙwayar, a sauya zuwa magani mai taƙaitaccen aiki da ya dace da ita. In kuma ta tabbata ba bakteriya ba ce, a dakatar da shi. Na uku, a taƙaita kwanakin magani. Wani gwaji da aka yi a Faransa, aka buga a 2003, ya nuna cewa ga yawancin masu namoniyar na'urar numfashi, kwana 8 na magani ya wadatar kamar kwana 15.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa waɗannan magunguna gida uku. Akwai na farko-farko, irin su amoksisilin da jentamaisin. Akwai na sa-ido, irin su seftiriyazon da meropenem. Akwai kuma na ajiya, irin su kolistin, waɗanda ba a taɓa su sai an rasa yadda za a yi. Asibitin da ke ƙidaya yawan abin da yake bayarwa daga kowane rukuni zai iya gane inda yake wuce gona da iri. Sai kuma abu mafi araha duka: wanke hannu kafin taɓa kowane majinyaci, da cire roba da zarar buƙatarta ta ƙare.

Wannan batu ya shafi kowa, domin sau da yawa majinyaci yakan iso asibiti ɗauke da ƙwayar da ta riga ta saba da magani, sakamakon kafso da aka saya a kemis ko a kasuwa ba da takardar likita ba, ko aka sha don mura, wadda bairos ke kawowa kuma antibayotik ba ya taɓa shi.

Tambayoyi don aji

1. Idan bakteriya tana rabewa duk minti 20, ƙwaya ɗaya za ta zama nawa bayan awa uku?
2. Me ya sa ake ɗibar jini kafin a ba da maganin farko?
3. Bayyana yadda zaɓin yanayi ke haifar da bijirewa ga magani.